Wane ciwon ƙoda ne ke dawowa bayan an yi dashe?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana ya shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda, yanzu ƙaninsa ya amince zai ba shi ƙoda ɗaya. Sai muka ji ana cewa ciwon da ya kashe ƙodojinsa na farko zai iya cin sabuwar ma. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, wane irin ciwo ne ke dawowa, yaya ake gane shi, kuma akwai abin da za a yi tun kafin aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka wa ƙanin nasa da alheri.

Gaskiya ne, amma ba kowane ciwo ba. Ko a cikin masu dawowar ma, akwai wanda ke bayyana kwana biyu da aiki, akwai wanda zai shekara goma bai ce uffan ba. Shi ya sa babu mai iya ba ki amsa tsayayya sai ya san sunan ciwon da ya lalata ƙodojin maigida, domin cututtuka da yawa ne ke kai mutum ga wankin ƙoda, kuma halinsu bayan dashe ya sha bamban.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, dashe ƙoda kawai yake sauyawa. Jinin maigida na nan, hantarsa na nan, ɓargonsa da garkuwar jikinsa duk suna nan yadda suke. In tushen ciwon a cikin tsohuwar ƙoda yake, to an rabu da shi. In kuwa wani abu ne da ke yawo a jini yana zuwa yana cin ƙodar, zai iske sabuwar kamar yadda ya iske tsohuwar. Kamar mota ce da filtar mai ta toshe: in filtar ce marar kyau, sabuwa ta wadatar, in kuwa man da ke tanki ne mai datti, sabuwar ma kwananta ƙidayayye ne.

Tun farkon tarihin dashe aka ga haka. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a 1954 a birnin Boston na Amurka, a hannun Joseph Murray, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Irin waɗannan tagwaye jikinsu ba ya ƙin ƙodar juna, don haka ba a ba su maganin danne garkuwa ba, sai ga shi da dama daga cikin waɗanda aka yi wa a shekarun da suka biyo baya ciwonsu na asali ya dawo. Wani bincike na Ostireliya da aka wallafa a 2002 ya bi masu ciwon kumburin matatun ƙoda da aka yi wa dashe, ya gano cewa cikin shekara goma kusan 8 cikin 100 sun rasa ƙodar saboda dawowar ciwo. Shi ne dalili na uku na rasa ƙodar, bayan ƙin karɓa na sannu a hankali da kuma mutuwar majiyyaci da wani abu daban alhali ƙodar na aiki. Ki lura da ɗaya ɓangaren lissafin: fiye da 90 cikin 100 ba dawowar ciwo ce ta raba su da ƙodarsu ba.

Waɗanda ba sa dawowa ba su da wuyar bayani. Ciwon ƙululun ruwa na gado, wanda ƙoda ke cika da jakunkunan ruwa har ta yi girma, ba ya kama sabuwar ƙoda, don aibin a ƙwayoyin halittar tsohuwar yake. Haka ciwon Alport, mai zuwa da jini a fitsari da raunin ji. Sai dai a irin waɗannan damuwar ta koma kan mai bayarwa. In ɗaya daga cikin iyayensu na da ciwon ƙululun, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka, kuma a mai ƙarancin shekaru, musamman ƙasa da 30, hoton ciki kaɗai ba ya wanke shi, sai an haɗa da gwajin ƙwayoyin gado ko hoton MRI. Wanda kuma toshewar hanyar fitsari ko mafitsara marar ƙarfi ta kashe wa ƙoda, ba ciwon ne zai dawo ba, amma in ba a gyara mafitsarar ba, matsin fitsari da yawan kamuwa da ƙwayoyin cuta za su yi wa sabuwar abin da suka yi wa ta farko.

Wanda likitocin dashe suka fi shakka shi ne FSGS, wani ciwo na matatun ƙoda. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. Kowace matata dunƙulen siraran jijiyoyin jini ce, a bayanta kuma akwai wasu ƙwayoyi masu 'yan yatsu da suka sarƙe da juna, su ne ke tare furotin kada ya zurare cikin fitsari. A FSGS waɗannan yatsun ne ke shafewa, furotin ya yi ta zuba, daga baya tabo ya cinye wani sashe na wasu matatun. To shi ma ba iri ɗaya ba ne. Na gado kusan ba ya dawowa. Wanda ya biyo bayan wani abu, kamar matsananciyar ƙiba ko ƙoda ɗaya da aiki ya yi wa yawa, shi ma ba ya yin irin dawowar da ake tsoro. Akwai kuma mai alaƙa da ƙwayar gado ta APOL1, wadda ta fi yawa a mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne. Wannan bai cika dawowa ba, domin ƙwayar gadon da ke cikin ƙodar ita ce abin dubawa, ba ta mai karɓa ba. Amma saboda haka ne ya kamata a gwada ƙanin, don in ya gaji nau'i mai haɗari daga uwa da uba duka, ƙodar da zai bayar na iya gajiya da wuri, shi ma wadda ta rage masa tana cikin haɗari fiye da ta sauran masu bayarwa.

Mai haɗarin shi ne FSGS na asali, wanda ke faɗo wa mutum da kumburin jiki gaba ɗaya da zubar furotin mai yawa. Yana dawowa a kusan mutum 1 cikin 3, kuma da wuri, wani lokaci cikin sa'o'i bayan an haɗa jijiyoyin. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ciwon ya kama yana yaro, ga wanda ya kai shi wanki cikin ƙasa da shekara uku, da wanda da farko ya ji maganin prednisolone daga baya ya daina ji. Hujja mafi ƙarfi cewa abin a jini yake ta fito ne daga wani asibiti a Shikago, aka wallafa ta a 2012. An dasa wa wani matashi mai FSGS ƙodar 'yar'uwarsa, kwana biyu furotin ya ɓalle, magani ya ƙi ci. A rana ta 14 aka cire ƙodar aka dasa wa wani dattijo da ciwon suga ya kashe wa ƙoda, sai ta warke ta ci gaba da aiki. Ƙodar lafiyarta ƙalau, jinin da take ciki ne matsalar. A 'yan shekarun nan an gano cewa a wasu majiyyata abin da ke yawon antibodi ne (makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta) da ke kai wa furotin ɗin nefrin hari, wato abin da ke ɗaure waɗancan yatsun.

Maganinsa shi ne a cire abin daga jini tun bai yi tabo ba. Ana yin musayar ruwan jini da na'ura: a janye ruwan jinin majiyyaci, kimanin yawan wanda ke jikinsa ko ninki ɗaya da rabi, a mayar masa da albumin, wato babban furotin na ruwan jini. Yawancin cibiyoyi na yi kullum na kwana uku, sannan sau uku a mako, har a kai zama goma ko fiye, gwargwadon yadda furotin ke sauka. Sau da yawa ana haɗawa da rituximab, maganin da ke danne ƙwayoyin da ke ƙera antibodi, miligiram 375 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Akwai kurakurai biyu da ake yi a nan. Na farko, a ba da rituximab sannan washegari a yi musayar ruwan jini, a wanke maganin gaba ɗaya; bayan musaya ake ba da shi, sannan a dakata aƙalla kwana biyu kafin zama na gaba. Na biyu, a ba da shi ba a gwada ciwon hanta nau'in B ba, ƙwayar da ta kwanta ta farka ta ci hanta. Wanda aka kama nasa da wuri yana da kyakkyawar damar samun sauƙi, wasu kuma sai sun daɗe ana yi musu musayar lokaci zuwa lokaci.

Ciwon kaurin bangon matata, wanda likitoci ke kira membaranos, ya fi sauƙin hasashe. A 2009 aka gano cewa a kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu nau'in asali, antibodin da ke kai wa wani furotin mai suna PLA2R hari ne ke haddasa shi, kuma ana iya auna shi a jini. Yana dawowa a kusan 1 cikin 3, yawanci a shekarar farko ko bayan wasu shekaru, kuma wanda aka yi wa dashe antibodinsa na sama shi ya fi haɗari. Don haka a auna kafin aiki, a ci gaba da aunawa bayansa. In adadin na sauka, madalla. In ya tsaya cak ko yana hawa, a sa ido kan fitsari, kada a jira sai ƙafa ta kumbura. Rituximab na yi masa aiki sosai. Mai wannan ciwo in albumin ɗin jininsa ya faɗi ƙwarai, jini na iya daskare masa a jijiya, har da jijiyar sabuwar ƙodar, shi ya sa wani lokaci ake ƙara maganin tsinka jini.

Ciwon IgA shi ne ciwon matatu da ya fi yawa a duniya, kuma shi mai haƙuri ne. In aka yi wa kowa bayofsi, wato aka ɗebi 'yar tsokar ƙoda aka duba, za a ga IgA, wanda wani nau'in antibodi ne, ya sake taruwa a kusan rabin ƙodojin da aka dasa, amma da yawa ba ya yin komai. Waɗanda ya nuna kansa a fitsarinsu, da ɓoyayyen jini da furotin, ba su kai haka yawa ba, kuma yawanci sai bayan shekaru. Waɗanda ke rasa ƙoda saboda shi cikin shekara goma ba su cika wuce 1 cikin 10 ba. Abu ɗaya da ya kamata a tattauna da likita: wasu cibiyoyi na cire prednisolone da wuri don guje wa illolinsa, amma bayanan rajistar dashe sun nuna cewa masu IgA da aka cire wa shi sun fi ganin dawowar ciwo. A ganina, ga mai IgA, musamman matashi wanda ciwonsa ya yi gudu, barin ƙaramin adadi ya fi zama alheri.

Sai rukunin da ya shafi kwamfiliment. Wannan wani jerin furotin ne a jini da ke huda ƙwayoyin cuta, kuma jiki na da abubuwan da ke taka masa birki kada ya juyo kan mai shi. In birkin ya lalace, cututtuka biyu kan fito. Na ɗaya ciwon C3 na matatu (C3 ɗaya ne daga cikin wannan jerin furotin), wanda ke dawowa a fiye da rabin majiyyata, nau'insa mai daskararren taro a bangon matata kuwa kusan a kowa yake dawowa, kuma kusan rabin waɗanda ya dawo musu kan rasa ƙodar. Da daɗewa babu wani magani na ƙwarai, sai a 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da iptacopan da pegcetacoplan don wannan ciwo. Wanda ya haura shekara 50 aka ce yana da ciwon C3, lallai a binciki ɓargonsa, don sau da yawa wani gurɓataccen furotin da ɓargo ke fitarwa ne ke tayar da shi.

Na biyu shi ne aHUS, inda ƙananan jijiyoyin ƙoda ke toshewa da gudan jini, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, filatilet, wato ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, su ragu. A nan gwajin ƙwayoyin gado ne ke raba gardama. In aibin a birkin da ake kira furotin H yake, wanda hanta ke ƙerawa ta zuba a jini, ciwon na dawowa a kashi 60 zuwa 80 cikin 100 in ba a ɗau mataki ba, galibi a shekarar farko, kuma yana kashe ƙodar. In kuwa aibin a birkin da ake kira MCP yake, wanda ke manne a jikin ƙwayoyin ƙodar kanta, sabuwar ƙoda ta zo da nata lafiyayye, dawowa ta yi ƙaranci. Nau'in HUS da yara ke samu bayan gudawa mai jini kuwa kusan ba ya dawowa sam. Ga masu haɗari, ana fara eculizumab tun ranar aiki, a ci gaba duk mako biyu, ko ravulizumab duk mako takwas. Maganin na da ɗan karen tsada, kuma yana buɗe ƙofa ga sanƙarau, don haka dole a yi allurar rigakafin sanƙarau aƙalla mako biyu kafin a fara, sau da yawa a haɗa da maganin rigakafi na sha. In wannan ne ciwon maigida, ba a ɗaukar ƙodar ƙani sai an tabbatar bai gaji aibin ba, domin aikin cire ƙodar kansa na iya tayar masa da ciwon.

Akwai cututtukan da maganin dawowarsu jira ne. Ciwon anti-GBM, inda antibodi ke kai wa bangon matata hari, wani lokaci har da huhu, in aka yi dashe antibodin na jini to an jefa ƙodar cikin wuta. In aka jira ya ɓace na aƙalla wata shida a jere, da wuya ya dawo. Kumburin jijiyoyin jini na ANCA shi ma ana son ya lafa na wata shida, amma a nan alamomin ciwo ake dubawa, ba a hana dashe don kawai gwajin jini bai koma babu ba. Lufus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, duk da tsoron da ake yi masa, bai cika damun sabuwar ƙoda ba, domin magungunan dashe su ne kusan maganinsa. Abin dubawa a mai lufus shi ne antibodin da ke sa jini daskarewa, wanda ke iya toshe jijiyar ƙodar a kwanakin farko in ba a shirya masa ba. Kada kuma mai lufus ya daina maganinsa na hydroxychloroquine don an yi dashe.

Ciwon suga yana dawowa, amma da tafiyar hawainiya. Ana fara ganin sawunsa a bayofsi bayan 'yan shekaru, kafin ya kai ga kashe ƙoda kuwa yawanci sai an daɗe ƙwarai. Abin da ke ba iyali mamaki shi ne yadda suga ke tashi bayan aiki. Ƙoda ce ke kawar da wani kaso na insulin daga jini, don haka lokacin da ƙodoji suka mutu insulin na daɗewa a jiki, har majiyyaci ya ɗauka sugansa ya warke. Da sabuwar ƙoda ta fara aiki, ga cin abinci ya dawo, ga magungunan danne garkuwa, prednisolone da tacrolimus, duk suna ɗaga suga, sai buƙatar magani ta ninka. Wanda ke shan prednisolone da safe, da yamma sugansa ya fi hawa, don haka awon safe kaɗai na iya ruɗin ku. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, kuma ba abin dogaro ba ne a watanni ukun farko saboda zubar jini da ƙarin jini. Mai sikila shi ma jininsa bai sauya ba, ƙwayoyin za su ci gaba da lanƙwashewa a cikin sabuwar ƙoda, sai an haɗa kai da likitan jini. A kula da yawan ƙarin jini kafin dashe, don yana sa jiki ya ƙera antibodin da zai ƙi ƙodar.

Biyu kuma ba su da yawa amma sakaci da su na da tsada. Ciwon okzalet na gado aibinsa a hanta yake: tana ƙera sinadarin okzalet fiye da kima, ya zama duwatsu, ya daskare a ƙoda. In aka dasa ƙoda kaɗai, okzalet ɗin da ya taru a ƙashi shekara da shekaru zai kwararo ya toshe ta, wani lokaci cikin makonni. Shi ya sa aka saba dasa hanta da ƙoda tare. Wasu majiyyata na jin bitamin B6, kuma tun 2020 akwai allurar lumasiran mai rage ƙera shi. Amiloyid, wato taruwar gurɓataccen furotin a gaɓoɓi, da mayeloma, wato wani nau'in kansar ɓargo, da danginsu kuwa yawanci daga ɓargo suke, sai an danne ƙwayoyin da ke fitar da gurɓataccen furotin kafin a yi zancen dashe. Amiloyid ɗin da tsohon kumburi ko daɗaɗɗen ciwo irin su tarin fuka ya jawo, shi kuma sai an kashe tushen.

Yanzu ga inda matsalar ta fi yawa a zahiri. Mutane da dama sun isa asibiti ne ƙodojinsu sun riga sun tsuke, aka ga jininsu ya hau, aka rubuta hawan jini a matsayin dalili. Amma ciwon ƙoda kansa na ɗaga jini, don haka wannan rubutun sau da yawa zato ne. In maigida bai kai shekara 40 ba lokacin da abin ya fara, ko ya taɓa kumbura fuska da ƙafa, ko fitsarinsa ya daɗe yana kumfa ko ya taɓa yin ja, ko akwai mai ciwon ƙoda a danginsu, ko ya sha fama da tsakuwar ƙoda tun yana yaro, to a sake bincike. Tsukakkiyar ƙoda ba a cika yi mata bayofsi ba, don tabo kawai za a gani ga haɗarin zubar jini. Abin da ya rage shi ne tsofaffin takardu da gwajin jini. Ki tattaro duk wani sakamakon fitsari da na albumin na tun farkon ciwo, da rahoton bayofsi in an taɓa yi, ainihin rahoton ba taƙaitawar da ke katin sallama ba. Likita zai iya ƙara C3 da C4, ANA, ANCA, PLA2R, gwajin ciwon hanta B da C da ƙanjamau, gwajin gurɓataccen furotin na ɓargo, da gwajin ƙwayoyin gado in akwai dalili.

Kafin a shiga tiyata a auna yawan furotin da tsofaffin ƙodoji ke zubarwa, in har yana yin fitsari. Ba a cika cire tsofaffin ba, kuma za su ci gaba da zubar da nasu na 'yan makonni kafin ya ja baya. In ba a san adadin farko ba, ba za a gane ko furotin da aka gani bayan aiki na tsohuwa ne ko na sabuwa ba. Mai sauka na tsohuwa ne, mai hawa na sabuwa.

Bayan aiki, ƙa'idar 2009 ta KDIGO, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, ta tsara awo kamar haka: mai FSGS a duba furotin a fitsarinsa kullum na mako ɗaya, sannan mako-mako na mako huɗu, sannan duk wata uku har shekara ta cika, daga nan sau ɗaya a shekara. Masu IgA, anti-GBM, ANCA da dangin ciwon C3 a duba furotin da ɓoyayyen jini sau ɗaya a watan farko, duk wata uku a shekarar farko, sannan shekara-shekara. Mai aHUS duk lokacin da aikin ƙoda ya ja baya a duba filatilet da alamun farfashewar jini irin su gwajin LDH a ranar, ba a bari sai mako mai zuwa ba. Lafiyayyen mutum ba ya zubar da furotin fiye da miligiram 150 a rana. In ya kai rabin giram zuwa giram ɗaya yana hawa, lokacin bincike ya yi. Giram 3.5 kuwa an shiga zuba mai tsanani. Kada a dogara da kiriyatinin kaɗai, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, domin a yawancin waɗannan cututtuka furotin ne ke fara fitowa, kiriyatinin sai ɓarna ta yi nisa yake motsawa.

A gida, ki sa ido kan kumfar fitsari mai kauri wadda ba ta bajewa bayan 'yan mintuna, kumburin fatar ido da safe, sawun safa a ƙwauri da yamma, ƙarin nauyi na kilo biyu cikin kwana biyu ko uku, da jinin da ya fara hawa alhali ba a sauya magani ba. Tsinken gwajin fitsari na taimakawa, a yi da fitsarin farko na safe.

Sai dai duk waɗannan alamu ba su ce dawowar ciwo ce ba. Jiki na iya ƙin ƙodar, ƙwayar cutar BK na iya kama ta, tacrolimus na iya yin yawa a jini, ko wani sabon ciwo daban ya shigo. Maganin wani kishiyar na wani ne: ƙin karɓa a ƙara danne garkuwa, BK a rage. Bayofsi ne kaɗai ke rabewa. Na ƙodar dashe ya fi na asali sauƙi, don a ƙasan ciki take, kusa da fata. A kashe wurin da allura, a duba da na'urar hoto, a ɗauki tsoka siririya guda biyu, majiyyaci ya kwanta na wasu sa'o'i. Abin tambaya shi ne ko ɗakin gwajin zai duba ta hanyoyi uku: madubin gwaji na yau da kullum, rini mai haske da ke nuna IgA da C3 da sauran antibodi, da madubin ilektiron. FSGS da ya dawo a makonnin farko ba a ganinsa da madubi na yau da kullum, matatun za su fito kamar lafiyayyu, sai a na ilektiron ake ganin yatsun sun shafe.

Ko wane ciwo ne ya dawo, akwai matakan da ke rage masa gudu: riƙe awon jini ƙasa da 130 bisa 80, gishiri ƙasa da giram biyar a rana, da magani irin lisinopril ko losartan mai rage zubar furotin. Bayan fara shi da mako ɗaya ko biyu a duba fotasiyam da kiriyatinin, kuma a dakatar da shi ranar da ake amai ko gudawa. Ibuprofen da diclofenac da danginsu a bar su gaba ɗaya, haka duk wani haɗin gargajiya da likitan dashe bai sani ba, don wasu na rage ƙarfin tacrolimus, wasu na ninka shi.

In ƙodar farko ta tafi saboda dawowar ciwo, ana iya sake dashe, amma lissafin ya danganta da ciwon da kuma saurinsa. Mai IgA da ƙodarsa ta yi shekara goma sha biyar kafin ta gaji, babu abin da zai hana a sake masa. Mai FSGS da ya rasa ta farko cikin watanni kuwa, yiwuwar ya sake dawowa a ta biyu ta kai kusan 80 cikin 100, shi ya sa cibiyoyi da yawa ba sa yarda su ɗauki ƙodar mai rai a karo na biyu sai in akwai sabon tsarin magani da ba a gwada a karon farko ba.